Wata Biyar Ina Bin Sakan Ɗaya Na Kusurwa

Aikin da aka ba ni a rubuce layi biyu ne kacal. Akwai wani ɗan dandamali a ɗakin bincikenmu mai ɗauke da madubi, ana ba shi lantarki ya karkata kaɗan-kaɗan. Takardar da ta zo da shi ta ce yana iya karkata sakan 300 na kusurwa zuwa kowane gefe, a taku-taku na sakan 0.2. Aka ce in tabbatar ko gaskiya ne, kuma kada shakkun da ke cikin awona, wato iyakar kuskuren da zai iya kasancewa a ciki, ya wuce sakan 0.05. Ga wanda bai saba ba, digiri ɗaya ana raba shi minti 60, kowane minti kuma sakan 60, wato sakan 3,600 ke cikin digiri guda. In ka ajiye abu mai faɗin milimita 5 ka ja da baya kilomita ɗaya, kusurwar da ya cika a idonka ita ce kusan sakan ɗaya. Ni kuma kashi ɗaya cikin ashirin na wannan ake nema a wurina. Na ɗauka aikin sati uku ne, sai ga shi ya ci wata biyar, kuma rabin wannan lokacin ya tafi ne a kan abubuwan da da wani ya faɗa mini tun farko da ban sha wahalarsu ba. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya gudana, daki-daki.

Na fara da ofishin shugaban ɗakin bincike. Na shiga da zanen da na yi na yadda zan jera kayan, ina ɗokin ya duba, amma bai ko buɗe takardar ba sai da ya tambaye ni ko ina da shaidar horo kan aiki da leza. Na ce babu. Ya ce, "To, kai da makullin ɗakin nan sai ka kawo ta." Ya miƙo mini fom biyu, ɗaya na neman horon, ɗaya na tantance haɗarin aikin, inda za ka rubuta irin lezar, ƙarfinta, tsayin da haskenta zai bi daga ƙasa, da inda zai ƙare. Ba kullum ake yin horon ba, sai mutane sun taru, don haka na yi kwana goma sha takwas ina jira. Raina ya sosu a lokacin, domin lezar da zan yi aiki da ita ta hiliyom da niyon ce, mai jan haske, ƙarfinta bai kai miliwat ɗaya ba, tana cikin aji na 2, wanda ƙiftawar ido kan isa ta kare mutum daga gare shi in ba da gangan ya zura ido ba. Amma a horon ne na ji abubuwan da suka zame mini jiki har yau: a cire agogo da zobe kafin a sa hannu a tebur, domin duk abu mai sheƙi madubi ne; kada hasken ya bi daidai tsayin idon wanda ke zaune; kuma kowane zaren haske da ya fita a san inda ya mutu. Fom ɗin tantance haɗari ya dawo mini sau ɗaya saboda ban nuna inda hasken da ke ficewa ta gefen gilashin rabawa zai tsaya ba. Gaskiyarsu ce, ban ma san yana ficewa ta nan ba.

Daga nan sai sito. Mai kula da shi dattijo ne da ya daɗe a wurin, kowa Baba yake ce masa. Ya fito mini da lezar, madubai biyu masu faɗin milimita 25, gilashin raba haske, da otokolimeta, wato na'urar da ke harba haske kan madubi ta auna yadda hoton ya gusa idan ya dawo. Da ita na yi niyyar gwada awona. Kafin in sa hannu a littafin aro sai ya ciro wata takarda daga cikin akwatin ya nuna mini kwanan watan da ke ƙasa. Shaidar tantance na'urar ta ƙare tun shekarar da ta wuce. Ya ce, "Ɗana, ka aika da ita yau. In ka bari sai ka buƙace ta, za ka zauna jiranta." Na ce, "To Baba, in sha Allahu," amma a zuciyata na ce bari in ga ratsin haske tukuna. Wannan jinkirin ya ci mini sati huɗu daga baya.

Abin da na fara haɗawa shi ne interferomita irin ta Michelson, wadda duk ɗalibin kimiyyar haske ya sani. Haske ya fito daga leza, gilashi ya raba shi biyu, kowane rabi ya je ya bugi madubinsa ya dawo, su haɗu. Da yake haske igiya ce mai tudu da kwari, inda tudu ya hau tudu sai wurin ya yi haske, inda tudu ya faɗa kwari sai ya yi duhu. Idan madubi ɗaya ya ɗan karkata, sai ka ga ratsi-ratsi na ja da baƙi a jere a kan farar takarda. Kwana biyu na yi ina murɗa sukurorin madubi ban ga komai ba sai ɗigo biyu ja da suka ƙi haɗuwa. Dabarar da ta fitar da ni ita ce in haɗa ɗigon a wuri biyu, kusa da gilashin da kuma can nesa a bango, domin layi biyu suna iya haɗuwa a wuri ɗaya su rabu, amma in sun haɗu a wuri biyu sun zama ɗaya. Da yammacin rana ta biyu ratsin suka bayyana, sirara kamar haƙoran mataji, ina murɗa sukuru suna buɗewa suna faɗi. Na daɗe tsaye ina kallonsu. Ko hannu na ɗora a gefen tebur sai su ruga gefe guda, in ɗauke su dawo.

A nan na yi kuskurena na farko na lissafi, kuma ina so mai karatu ya kula da shi. Tsawon zangon wannan jan haske, wato nisan da ke tsakanin tudu da tudu na igiyarsa, a cikin iska nanomita 632.8 ne (nanomita kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita). Na auna tazarar da ke tsakanin ratsi da ratsi, na raba tsawon zangon da ita, na ce ga kusurwa. Duk abin da na samu ya ninka abin da takardar dandamalin ta faɗa sau biyu cif. Na kwana ina tunanin na kama masu ƙera shi da babban kuskure. Washegari na kai wa wata babbar ɗaliba da ke aiki a ɗakin da ke kusa, ta duba ta ce, "Malam, in madubi ya karkata da ɗaya, hasken da ya dawo da nawa yake karkata?" Da biyu yake karkata. Tazarar ratsi ita ce tsawon zango a raba da ninki biyu na karkatar madubi. Da na gyara sai lissafin ya nuna mini wata matsalar da ta fi ta farko. Karkatar sakan ɗaya tana ba da ratsi masu tazarar milimita 65, madubina kuwa 25 ne, ko rabin ratsi ba zai cika ba. A ɗaya ƙarshen kuma, a sakan 300, tazarar ta matse ta koma kusan milimita 0.2, hasken da ya dawo ma ya fara kauce wa ɗan'uwansa. Wannan tsarin yana da kyau don koyo, amma ba zai kai ni inda aka aike ni ba.

Tsarin da masu wannan sana'a ke amfani da shi daban ne. Ana raba hasken ya zama zare biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, su je su bugi madubai biyu na musamman da aka dasa a jikin ƙarfe ɗaya. Kowannensu kamar lungun akwati yake, fuska uku da suka haɗu a tsaye da juna, kuma halinsa shi ne duk ta inda haske ya shigo, ta wannan fuskar yake mayar da shi, ko da an ɗan juya shi. Saboda haka hasken ba ya ɓacewa idan dandamali ya karkata. Abin da ke faruwa kawai shi ne madubi ɗaya ya matso, ɗayan ya ja baya, sai ratsin su wuce ta gaban idon lantarki, wato na'urar da ke mayar da haske sigina, kai kuma ka ƙirga. Tazarar da ke tsakanin madubin biyu ita ce ma'auninka. In milimita 30 ce, ratsi ɗaya na wucewa duk lokacin da ɗaya ya riga ɗaya da nanomita 316, wato karkatar sakan 2.18. Sakan 0.05 da ake nema a wurina ya zama bambancin nanomita 7 tsakanin madubin biyu. Da na ga wannan lambar a takarda jikina ya yi sanyi.

Ba mu da irin wannan madubin a sito, sai an saya. Ofishin saye-saye ya nemi takardun farashi daga masu sayarwa uku, da wasiƙar bayanin dalilin da ya sa kayan da ke akwai ba za su yi ba, da sa hannun shugaban ɗaki da na mai kula da kuɗin aikin. Na rubuta kuɗin madubin kaɗai, ban sa na sufuri da inshora ba, ban kuma sa na idanun lantarki biyu da gilasan juya haske da ake buƙata ba, don haka takardar ta koma baya aka sake zagaye. Daga ranar da aka amince zuwa ranar da kwalin ya iso sati shida ne. A wannan zaman ne na bi shawarar Baba na aika da otokolimeta, kuma a nan na karanta tarihin abin da nake yi. Albert Michelson, wanda ya fara gina na'urarsa a Jamus a 1881 ya kuma sami kyautar Nobel a 1907, shi da Francis Pease sun ɗora wani dogon ƙarfe mai ƙafa 20 ɗauke da madubai a kan madubin hangen nesa mai inci 100 na Dutsen Wilson a Kalifoniya, a watan Disamba na 1920 suka auna faɗin tauraron Betelgus a sararin sama: sakan 0.047. Kusan daidai da lambar da aka ba ni. Su sun same ta shekara ɗari da suka wuce, da idonsu, cikin sanyin dare, suna kallon inda ratsi ke ɓacewa. Hanyarsu ba irin tawa ba ce, amma labarin ya ƙarfafa mini gwiwa ƙwarai.

Da kayan suka iso, jerawa ta ɗauki kwana huɗu. Madubin na taɓa su ne da safar hannu kawai, kuma duk ƙurar da ta hau sai in hure ta da iska kafin in kai takardar goge gilashi, wadda ake ɗiga mata ruwan metanol a ja ta sau ɗaya a yar. Idanun lantarkin biyu ana tsara su ne yadda ɗaya zai riga ɗaya da rubu'in ratsi. Amfanin haka shi ne ka san ko gaba ake tafiya ko baya, kuma in ka ba na'urar nuna sigina ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, sai ka ga ɗigo yana zagaya da'ira. Zagaye ɗaya ratsi ɗaya ne, kuma inda ɗigon ya tsaya a jikin da'irar shi ke ba ka kashi ɗaya cikin ɗari na ratsi. Ranar farko da'irar ta riƙa kumbura tana motsewa ba dalili. Ashe wani ɓangare na hasken yana komawa cikin bakin lezar yana rikita ta. Na ɗan gusar da hanyar dawowar yadda ba za ta koma ta inda ta fito ba, nan take da'irar ta natsu.

Sai na yi abin da ya kamata a ce shi na fara tsarawa tun farko: na bar komai a tsaye, ban ba dandamali lantarki ba, na sa kwamfuta ta rubuta abin da take gani. A ƙa'ida layi miƙaƙƙe ya kamata in gani. Abin da na gani kuwa layi ne da ke hawa a hankali har ya wuce sakan ɗaya cikin awa biyu, da wani tashi da sauka a kansa kamar numfashi, da kuma rawa ƙanana da ba ta tsayawa. Gabana ya faɗi. Ana neman 0.05 a wurina, ga abin da ba a taɓa ba yana yawo ninki ashirin na haka. Da farko na zargi tsawon zangon haske, domin na karanta cewa yana canzawa da yanayin iska, kusan kashi ɗaya cikin miliyan a kowane digiri ɗaya na zafi, har na zauna da lissafin Edlén na 1966, wanda ke nuna yadda iska ke canza tsawon zango, ina gyarawa. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Kashi ɗaya cikin miliyan na sakan 300 ba komai ba ne. Masu auna tsawo ne wannan ke damu. Mai auna kusurwa abin da ke cinsa shi ne bambancin iska tsakanin zaren hasken biyu. Zarena suna tafiyar kusan mita ɗaya a fili. In iskar da ɗaya ke bi ta fi ta ɗayan ɗumi da kashi ɗaya cikin ɗari na digiri kawai, hanyar ta bambanta da nanomita 10, wato karkatar ƙarya ta sakan 0.07. Wannan kaɗai ya cinye duk abin da aka ba ni.

Ruwa ba ya tsami banza, don haka na bi kowane motsi na nemo mai shi. Na liƙa ma'aunan zafi huɗu a tebur da jikin ƙarafa, ina rubuta lokacin duk abin da ya faru a ɗakin, har buɗe ƙofa. Numfashin nan ya yi daidai da tashi da tsayuwar na'urar sanyaya ɗaki. Hawan nan mai tsawo kuma lezar ce: tana kama zangonta cikin mintoci, amma jikinta na ci gaba da ɗumama tebur na awoyi. Ƙafar da na ɗora dandamali a kai ta alminiyom ce, shi kuwa yana miƙewa da kashi 23 cikin miliyan a kowane digiri. Ƙafa mai tsayin santimita 10 da faɗin santimita 10, in gefenta na wajen leza ya fi ɗayan ɗumi da digiri 0.1, ta karkata da kusan rabin sakan. Wannan karkata ce ta gaske, interferomita ba ta yi ƙarya ba, sai dai ba ita aka aike ni aunawa ba. Na ƙarshe kuma ni ne. Jikin mutum a zaune yana fitar da zafi kusan wat 100, kuma duk lokacin da na sunkuya kan tebur don in duba, layin sai ya tashi bayan 'yan mintoci.

Gyaran bai ci kuɗi sosai ba, lokaci ya ci. Na matso da kayan har tafiyar hasken a fili ta koma santimita 20, wanda ya rage matsalar iska sau biyar. Na kai lezar can ƙarshen tebur na sa mata shamaki, na daina kashe ta gaba ɗaya, wanda shi ma sai da na nemi izini a rubuce domin ƙa'idar ɗakin ta hana barin na'ura a kunne ba kowa. Na sauya ƙafar da gajeriya ta baƙin ƙarfe, wanda miƙewarsa kusan rabin ta alminiyom ce. Na yanka allunan soso na gina akwati a kan komai, na liƙe kafofin da salatif. Wayar da ke kai wa dandamali lantarki na gano tana jansa, sai na ɗaure ta a tebur na bar mata lanƙwasa sako-sako. Kwamfutar kuma na fitar da ita bayan ƙofa. Bayan duk wani taɓi, sai in rufe in bar shi ya kwana. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi gwada haƙurina, domin murɗa sukuru ɗaya na minti ɗaya yana nufin ba awo sai gobe. Awon da kansa da dare nake yi, bayan ƙafa ta ɗauke a ginin.

Da layin ya kwanta sai wani ƙaramin abu ya fito fili wanda dā hayaniya ta rufe. In na tura dandamali a hankali, kuskuren yana maimaita kansa duk bayan ratsi ɗaya. Da na duba da'irar nan da kyau sai na ga ba da'ira ba ce, siffar ƙwai ce, kuma tsakiyarta ta kauce. Idanun biyu ba su da ƙarfi ɗaya, kuma tazararsu ba rubu'i ce cif ba. Akwai hanyar gyara da wani masani mai suna Heydemann ya wallafa a 1981: ka tattara ɗigon zagaye da yawa, ka lissafa siffar ƙwan, ka mayar da ita da'ira a cikin kwamfuta kafin ka karanta kusurwa. Rubuta shi yini ɗaya ya ɗauke ni. Na kuma koyi cewa daɗewa ana tara lambobi ba kullum yake ƙara kyau ba. Da lissafin Allan, wanda aka ƙirƙiro a 1966 don gwada agogo, na ga cewa a tsarina matsakaicin yana gyaruwa har zuwa wasu sakanni masu yawa na agogo, daga nan sulalewar zafi ta fara ɓata shi. Sai na koma gajerun awo: sifili, taku, komawa sifili, a cire abin da ya zame a tsakani.

Otokolimeta ta dawo da sabuwar shaida, na ɗora madubi a bayan dandamali, na sa na'urorin biyu su kalli motsi ɗaya a lokaci ɗaya. A ƙananan taku bakinsu ɗaya, har na fara murna. Amma ina ƙara nisa suna rabuwa, har a ƙarshen tafiya otokolimeta ta ce 300, tawa ta ce 299. A ɗaya gefen ma haka. Na duba ko bambancin kusurwa da sain ɗinta ne, wato gusawar madubi ɗaya a kan ɗaya a raba da tazararsu, tunda sain interferomita ke aunawa, amma a wannan ƙanƙantar bai kai a ambata ba. Na duba tsawon zangon da na sa, na iska ne ko na sararin da ba iska, domin bambancinsu kusan kashi 270 cikin miliyan ne, wato sakan 0.08 a ƙarshen tafiya. Na iska na sa, daidai ne. Na duba ko madubin sun fara ne a karkace. Ko da digiri ɗaya ne, asarar ba ta wuce sakan 0.05 ba. Babu wanda ya kai sakan guda. Saura abu ɗaya, wanda ban taɓa tuhuma ba: milimita 30. Daga takardar talla na ɗauko ta. Babu wanda ya taɓa auna tazarar waɗannan madubin nawa. Kuskuren milimita 0.1 a cikin 30 kashi ɗaya ne cikin 300, daidai abin da nake gani.

Ba abu ne da za ka auna da rula ba, domin tazarar da haske ke gani tana can cikin gilashi. Sai an kai su ɗakin tantance ma'auni da aka amince da shi a ƙarƙashin ISO/IEC 17025, ƙa'idar duniya ta ɗakunan gwaji da tantance ma'auni, su ɗora a teburinsu mai juyawa wanda aka san kusurwarsa. Wannan kuɗin ba ya cikin kasafin aikin ko kaɗan. Na koma ofishin shugaban da zanen layin biyu da ke rabuwa, na ce, "Ranka ya daɗe, in ba a auna wannan ba, duk lambar da zan kawo maka zato ce." Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya sa hannu. Ɗakin tantancewar ya aiko da fom da ke tambayar iyakar kusurwar da nake so, yawan wuraren awo, da girman shakkun da zan iya karɓa, kuma a kula, wannan na ƙarshe shi ke ɗaga kuɗi. Na yi lissafi na ga ina buƙatar sanin tazarar da kyau fiye da maikromita 5, wato kashi biyar cikin dubu na milimita. Sati biyar suka yi a can. Shaidar ta zo da tazarar, da shakkunta, da bayanin cewa an auna a digiri 20 na Salshiyas, wanda shi ne zafin da duniya ta amince a riƙa danganta awon tsawo da shi. Tazarar ta gaza 30 da kusan abin da na lissafa. Na sa sabuwar lambar, na sake jerawa, na bar shi kwana biyu, layukan biyu suka hau kan juna.

Sai a lokacin na iya cewa wani abu game da dandamalin kansa. Takun sakan 0.2 yana yinsa. Amma in aka tura shi ba tare da ma'aunin cikinsa na gyara masa zama ba, inda yake tsayawa a tafiya daban da inda yake tsayawa a dawowa, kuma bayan kowane taku yana ci gaba da rarrafe a hankali na mintoci. Halin fiyezo ke nan, wato dutsen da ke miƙewa in an ba shi lantarki. Da ban kashe sulalewar ɗakin ba, da na ɗora wa iska laifin wannan rarrafen, ko in ɗora wa dandamali laifin iska.

Matakin ƙarshe shi ne teburin shakku, kuma shi kwamitin duba rahoto ya fi tsayawa a kai. Kowane tushen kuskure layinsa daban: tazarar madubi, tsawon zango, saurar siffar ƙwai, iska, sulalewa, maimaituwa, karkatar farawa. A haɗa su bisa ƙa'idar jagoran da hukumomin awo na duniya suka fitar a 1993, a ninka da 2 don a sami amincin kusan kashi 95 cikin ɗari. A ƙananan taku na shiga ƙarƙashin 0.05. A cikakkiyar tafiya ban shiga ba, na ɗan haura, kuma haka na rubuta. Na shiga ɗakin ina fargabar za a ce aikin bai cika ba. Tambayar da suka yi ita ce ina rubutun daren da ban taɓa komai ba, na nuna, suka karɓa.

Ga wanda zai bi wannan hanyar, ranar da aka ba ka aikin ka nemi horon leza, ka kuma buɗe akwatin duk na'urar da za ka gwada awonka da ita ka duba kwanan watan shaidarta, domin waɗannan jiran suna iya tafiya tare da jiran saye. In za ka sayi madubin, ka nemi a auna tazararsu a ba ka shaida tun kafin a aiko, ka sa kuɗin a takardar farko tare da na sufuri. Kafin ka taɓa gilashi ka mayar da shakkun da ake nema zuwa nanomita, ka ga ko tsarinka zai kai. Ka gina akwatin rufi tun ranar jerawa, ka gajarta tafiyar haske, kuma awonka na farko ya zama na dare guda da ba a motsa komai ba, da ma'aunan zafi a gefe. Kada kuma ka yarda da na'ura ɗaya ita kaɗai har sai wata mai aiki ta wata hanyar daban ta kalli motsin tare da ita, tun daga ƙaramin taku har ƙarshen tafiya, domin kuskurena mafi girma ba ya bayyana a ƙananan taku.

Ranar da na mayar da kayan sito, na rubuta ainihin tazarar madubin da lambar shaidar da kwanan wata a ƙaramar takarda na liƙa a murfin akwatin, na sa kwafin shaidar a ciki. Baba ya karanta, ya buɗe littafinsa, ya rubuta watan da za a sake aika su. Akwatin soson kuwa shugaban ya ce a bar shi a kan tebur, akwai ɗalibar da za ta fara nata awon a wata mai zuwa.